Wa ke riƙe da yaron daga safe zuwa azahar?



Duk shekara in Oktoba ta kama aka koma lakwal, akwai wata rigima da ke tashi a gidajen Birni. Ba a jin ta a rediyo, a tsakar gida ake shan ta. Mace ce ke son ta sa ɗanta ɗan shekara 3 a jardan, wato makarantar rainon ƙananan yara, a kai shi da ƙarfe 8 na safe a ɗauko shi kafin azahar. Maigida ya ce sai ya yi shawara. Uwar miji ta ce ba dai da jikanta ba. Maƙwabta su ce wance ta gaji da ɗanta, ta kai shi ajiya kamar kayan kasuwa. A fada kuwa, wajen shayi, samarin da ko akuya ba su taɓa kiwo ba su yanke hukunci: wai matan yanzu ba su son wahalar 'ya'ya.

To ni yau da masu wannan magana nake, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Matar da ta kai ɗanta da aka yaye wurin raino na rabin yini ba ta yi laifin komai ba. A gidaje da yawa ma ita ce ta fi kowa tausayin yaron. Masu zaginta kuma akwai tambaya guda da suke gudu, ita zan yi ta maimaita masu har su gaji: in ba a kai shi jardan ba, wa ke riƙe da shi daga safe zuwa azahar?

Za ku ce uwarsa mana. Haba jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya. Wace uwar? Malamar lakwal 'yar kwantaragi da ke tsaye gaban allo tun da sassafe? Ma'aikaciyar jinya da ke babban asibitin Zinder? Ɗalibar jami'ar André Salifou? Dokar ƙwadago ta ƙasar nan mako 14 ta ba mace hutun haihuwa. In sun ƙare sai ta koma aiki, in ba haka ba ta rasa shi, kuma mun san gidaje nawa ne albashin nan nata ke cika masu buhun hatsi.

Kada ma ku ɗauka da 'yan boko kaɗai nake. Mai tuyar awara fa? Mai ƙosai, mai matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, mai kai kaya kasuwar Dole? Ko matar da ke cikin kulle, wadda muke cewa ai tana gida, ku leƙa ku ga abin da take yi da safe. Wuta a gefe, tafasasshen mai a kasko, wanki jibge, ga jaririya a baya, ga neman ruwa, kuma kowa ya san yadda ruwa ke yi wa garin nan in bazara ta yi. Mace tana gida daban, mace tana tare da yaro daban. Ɗan shekara 3 ba ya zama inda aka ajiye shi. Kafin a juya ƙosai sau ɗaya ya kai ƙofar gida.

Saboda haka bari in lissafa maku hannuwan da ke riƙe da yaran namu da gaske.

Hannu na farko, na yayarsa ne. Yarinya 'yar shekara 8 ko 9, wadda ya kamata a ce tana aji, ita ke goye da ƙani. Yau a ce ta zauna uwa za ta fita, gobe ta makara, jibi ta je da shi a baya malam ya koro ta. Kafin shekara ta ƙare karatu ya wuce ta, sai mu ce ba ta da kai, a cire ta a ɗora mata talla. Daga talla kuma kun san inda ake zuwa. A ƙasar nan kusan mata 3 cikin 4 ana yi masu aure ba su kai shekara 18 ba. A Disamban 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare karatun 'ya mace. Amma babu dokar da za ta zaunar da yarinya a aji matuƙar babu wanda zai karɓi ƙanen da ke bayanta. Duk wanda ya ce a gidansa ba a kai yaro jardan, ya juya ya dubi 'yarsa babba. Sau da yawa ita ce jardan ɗin gidan, kuma da karatunta take biya.

Hannu na biyu, na 'yar aiki ne. A je ƙauye wajen Mirriya ko Magariya ko Matamaye a ɗauko yarinya 'yar shekara 10 ko 12, a ce 'yar raino ce. Ita kanta raino take buƙata. Ba ta san abin da za ta yi ba in yaro ya shaƙe da gyaɗa, ba ta san alamar zazzaɓi mai tsanani ba, kuma tsoron faɗa zai sa ta ɓoye in ya faɗi ya bugu. Ga shi mun raba ta da uwarta, mun hana ta karatu, muna ba ta abin da bai taka kara ya karya ba. Abin mamaki, gidan da ke da irin wannan yarinya ba wanda ke zaginsa. Wadda ta kai ɗanta wurin babbar mace mai horo, ita ce marar tausayi. Wane irin lissafi ne wannan?

Hannu na uku, na lungu ne. A sake shi ya bi manya, a ce ai ɗa na kowa ne. Da can gaskiya ne. Yau lungunan Birni da aka yi su don mutum da jaki, kabu-kabu ke gudu a cikinsu. Da damina ga kwatoci da ramukan da aka ɗebi ƙasa cike da ruwa. Ga bakin manyan yara, ga zagin da ɗan shekara 3 zai kwaso ya kawo gida, mu yi ta dariya wai ya yi wayo.

Hannu na huɗu, sabo ne: waya. Yaro ya yi kuka a miƙa masa waya, ya yi shiru kamar an ɗauke wuta. Hukumar lafiya ta duniya ta ce yaron da ke tsakanin shekara 2 da 4 kada kallon irin wannan ya wuce awa guda a yini, jariri kuwa kada ya yi sam. Ku auna da abin da kuke gani a gidajenku. Waya ba ta amsa wa yaro in ya yi tambaya, ba ta koya masa jiran layi, ba ta raba shi faɗa da ɗan'uwansa.

To kun ji hannuwan da ake fifitawa a kan jardan. Yanzu mu zo ga babbar hujjar masu suka: wai iyayenmu ba su kai mu ko'ina ba kuma ga mu mun girma.

Gaskiya ne. Amma a wane gida kuka girma? Gidan Birni na da, gida ne mai sassa, kaka tana nan, kishiyoyi suna nan, matan 'yan'uwa suna nan, gwaggo da ta dawo zawarci tana nan. Mace goma a tsakar gida ɗaya. In wata na daka wata na riƙe da yaro, in dare ya yi tsohuwa ta tara su ta yi masu tatsuniya. Zaure ba ya rabo da dattijo, duk yaron da zai fita sai ya wuce ta gabansa. Gari kuma ga ganuwar da aka gina zamanin Sarki Tanimun ta kewaye shi. Wannan tsakar gida, in ba jardan ba, mece ce? Yara da yawa, manya suna kallo, ana wasa, ana waƙa, ana koyon gaisuwa. Sunan ne kawai ba mu sa mata ba.

Yau ganuwar sai gutsattsarinta. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da dubu 300 a birnin Zinder, kuma tun daga nan gari sai faɗaɗa yake. An raba gado, an yanka manyan gidaje, ango da amarya sun kama haya a wata unguwa can nesa da dangi, ɗaki biyu da ɗan fili. Kakar da ake cewa a kai mata, wata tana fama da hawan jini da ciwon ƙafa, wata ita ma sana'arta take yi don ta ci. Akwai gidajen da har yanzu Allah ya bar masu tsohon tsari, kaka mai ƙarfi, yara sa'anni cike da gida. Masu irin wannan gida ku gode wa Allah, ba wanda ya ce dole sai kun kai yaro wani wuri. Amma kada mai rijiya a gida ya zagi mai sayen ruwa wurin ga-ruwa.

Sai kuma a ce ba al'adarmu ba ce uwa ta ba da ɗanta. Wallahi wannan ce ta fi ba ni dariya. Mu da in an tashi yaye ake ɗauke yaro a kai shi gidan kaka ya yi kwanaki bai ga uwarsa ba? Mu da ɗan fari uwa ko sunansa ba ta faɗa saboda kunya, wani ma a hannun kakanni zai tashi? Mu da ke ba gwaggo ko inna riƙon yaro har aure? Ba mu taɓa ɗaukar raino aikin mace ɗaya tak ba. Ta wajen addini ma, kowa ya san Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a hannun Halimatus Sa'adiyya ya yi shekarunsa na farko, can cikin ƙabilar Banu Sa'ad, nesa da mahaifiyarsa. A cikin suratul Baƙara an halatta wa iyaye su ba da ɗansu shayarwa in sun biya hakkin mai shayarwar. In har shayarwa ta halatta a hannun wata, riƙon awa huɗu ne zai zama abin kunya?

Ga wadda ta fi ciwo. Mutumin da ke cewa ɗan shekara 3 ya yi ƙanƙanta da a raba shi da uwarsa na awa huɗu, wani lokaci shi ne zai sa ɗan shekara 6 ko 7 a mota, da allo da ƙoƙo, a tsallaka da shi Kano ko wani gari, shekara guda uwar ba ta sa shi a ido ba. Ba karatun Alƙur'ani nake suka ba, Allah ya kiyaye, garin nan garin malamai ne. Ma'aunin nake tambaya. Rabuwar shekara ta zama tarbiyya, rabuwar safiya ta zama rashin imani? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kuma ku sani jardan ba wani abu ba ne da matan boko suka ƙago. Dokar tsarin ilimi ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu ranar 1 ga Yuni 1998, ta sa karatun share fage na 'yan shekara 3 zuwa 5 cikin ilimin tushe, kafin a shiga aji ɗaya. Sai dai har yau yaran Nijar da ke samun wannan dama tsiraru ne ƙwarai, kuma mafi yawansu 'ya'yan birni ne, 'ya'yan masu hali. Ku lura da kyau: manyan da ke da kuɗi ba su tsaya musu da kowa ba, nasu tuni suna ciki. Talaka ne aka bari da gardamar ko ya halatta. Ranar shiga CI, ɗan wancan ya saba da zama a aji, ya iya riƙe alli, ya iya buɗe baki ya ce yana jin fitsari. Ɗan wannan kuwa mako biyu zai yi yana kuka a bakin ƙofa. Tseren ba a fara shi daga layi ɗaya ba, sai daga baya a ce wane ƙwaƙwalwa gare shi.

Wani zai ce rabin yini me zai tsinana? A Amurka, a wani gari da ake kira Ypsilanti, daga 1962 zuwa 1967 an yi wani gwaji da yara 123 'ya'yan talakawa baƙar fata, 'yan shekara 3 da 4. Aka sa wasu a makarantar raino, awa biyu da rabi kacal kowace safiya, wasu kuma ba a sa su ba. Aka yi ta bin rayuwarsu har suka kai shekara 40. Waɗanda suka shiga sun fi kammala sakandare, sun fi samun kuɗi, kuma an fi ƙarancin kama su da laifi. Awa biyu da rabi fa. Amma ku riƙe wannan, don zan dawo kansa: a wannan makarantar kowace malama yara 5 ko 6 ne a hannunta, kuma duk mako takan je gidan yaron ta zauna da uwarsa.

To nan zan juya ga masu jardan, don kada su ɗauka talla nake yi masu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Rabin tsoron da tsofaffinmu ke ji ku ne kuka jawo shi, kuma suna da gaskiya.

Wasunku kasuwa kuka buɗe. A kama gidan haya, a shafa fenti, a zana ɓera da agwagwa a bango, a tara yara cunkus a ɗaki ɗaya a ba yarinya guda da ba ta taɓa samun horo ba, a riƙa biyanta abin da ko kuɗin kabu-kabu bai isa ba. Mace ɗaya da yara 50, raino take yi ko kiwo? In ɗaya ya yi kashi, sauran 49 wa ke kallonsu? Ba za ku kawo mana labarin Amurka ku ce ga amfanin jardan ba alhali abin da ya sa ta yi amfani, wato yara kaɗan a hannun babba mai sani, shi ne kuka fara yankewa don riba.

Sannan me kuke koya masu? Ɗan shekara 3 a zaunar da shi kan benci awa uku yana rera Faransancin da bai san ma'anarsa ba, kamar aku. A ba shi aikin gida. A yi masa jarrabawa, har da na ɗaya da na ƙarshe. Ƙarshen shekara a ɗinka masa rigar digiri da hula mai tunku, a karɓi kuɗin biki wurin iyaye, a watsa hotuna a Facebook. Digirin me? Aikin yaro a wannan shekaru wasa ne, da magana, da waƙa, da gini da ƙasa, da koyon wanke hannu, da haƙuri da ɗan'uwa. Kuma da harshen da ya sha a nono zai fi kama su. Abin kunya ne a ce a Zinder ake hana yaro Hausa a aji, garin da a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a ƙasar nan mai koyarwa da Hausa tare da Faransanci. A Maris ɗin 2025 ma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ku yi masu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ku koya masu bismilla kafin cin abinci da gaida na gaba. Faransanci ba gudu zai yi ba.

Bulala kuma fa? Duk malamar da ke ɗaga bulala kan ɗan shekara 3 ba wurin ya kamata ta kasance ba. Yaron da bai gama iya magana ba, ba zai iya kai ƙara ba, sai dai ku ga ya fara fitsarin kwance ko yana maƙalewa in an doshi ƙofar makaranta. Iyaye ku karanta wannan alama.

Sai maganar da ba na son tunawa amma dole. Ranar 13 ga Afrilu 2021, a unguwar Pays-Bas ta Yamai, wuta ta kama azuzuwan zana, yara wajen 20 suka rasu, mafi yawansu 'yan jardan. Ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekarar, a Maraɗi, wuta ta sake cin azuzuwan zana, yara sama da 20 suka tafi, 'yan shekara 5 da 6. Bayan wannan ne majalisar ministoci ta haramta azuzuwan zana ga 'yan share fage a duk faɗin ƙasa. Mu ma nan Zinder ba mu tsira ba, a Fabrairun 2023 gobarar aji ta ɗauke mana yara. Allah ya jiƙansu, ya sa masu ceton iyayensu ne. Uwar mijin da ta ce ba da jikanta ba, wataƙila wannan take tunawa, kuma ba wanda zai ga laifinta. Amma ku dubi abin da ya kashe yaran nan: zana ce, da ƙofa ɗaya, da sakacin manya. Maganinsa a gina aji na ƙwarai, a sa ido. In mota ta yi haɗari gyaran hanya ake nema, ba a cewa kowa ya koma tafiya a ƙasa.

Hukuma ma tana da nata kason. Mai sanya hannu a ba da izinin buɗe jardan, ya taɓa komawa ya ƙirga yaran da ke ɗakin? Garin da ke da makarantar horon malamai ta Askia Mohamed bai kamata a ce ya rasa matan da suka san rainon ƙananan yara ba. Kuma muddin jardan mai kyau sai mai kuɗi, to mun gina wata sabuwar ganuwa ke nan tsakanin 'ya'yanmu tun suna shekara 3. Masu unguwanni, limamai, ƙungiyoyin mata masu adashi da asusu: ɗaki ɗaya na ƙasa mai rufi mai kyau, da inuwa, da randa, da salanga, da mata biyu amintattu da unguwa ta sani ta kuma yarda ta biya su, ya fi ƙarfin unguwa guda a Birni? Mun iya haɗa kuɗin anko cikin mako ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannuwan ai muna da su.

Yanzu ku maza, 'yan'uwana, ku matso. A wannan rigima ku ne kuka fi kowa ɓuya. In an ce jardan sai ka ce babu kuɗi. Lissafa abin da ke tafiya a shayi da sukari da katin waya a wata, sannan ka sake faɗa. Wani kuma gaskiya babu ɗin, wannan Allah ya buɗa masa, ba da shi nake ba. Wani sai ya laɓe bayan mahaifiyarsa: «Ai Inna ta hana.» Malam, Inna ta hana ne don ba wanda ya zauna ya yi mata bayani. Ka je ka durƙusa ka ce: «Inna, ba raba ki da shi za a yi ba. Da safe ne kawai, kafin azahar yana gabanki. Ki zo mu je ki ga wurin da idonki, in bai yi miki ba an fasa.» Tsohuwar da aka girmama haka, da wuya ta ƙi. Abin da ke ɓata masu rai shi ne su ji labari a bakin maƙwabta.

Kuma kai ɗin nan, ka taɓa zama da ɗanka awa huɗu a jere, kai kaɗai? Gwada ranar Lahadi. Kafin awa ta biyu za ka fara leƙen ƙofa kana tambayar ina uwarsa ta shiga. Wanda bai ɗauki kaya ba shi ke cewa ba nauyi.

Ga wanda ya yanke shawarar kaiwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka tsaya ga fentin bango da kyan riga. Ka je ba tare da sanarwa ba, da misalin ƙarfe 10, lokacin da yara suka fara gajiya. Ka ƙirga yara, ka ƙirga manya. Ka ɗaga kai ka dubi rufi, ka dubi ƙofa nawa ce, kuma tana buɗuwa da sauri? Ka shiga ban-ɗaki da kanka. Ka tambayi inda ruwan sha yake, da abin da suke yi ranar da pampo ya ɗauke. Ka tambaya in yaro ya yi zazzaɓi wa suke kira, kuma wa suke yarda ya ɗauki yaro in an tashi. Ka saurara: in ka ji tsit kamar maƙabarta a ɗakin 'yan shekara 3, tsoro ne ke aiki a wurin. Ka duba ko malama na durƙusawa ta yi magana da yaro ido da ido. In suka hana ka shiga, ka riga ka sami amsarka.

Kai ma da naka aikin. Katin rigakafin yaro ya cika kafin ya shiga cikin taro, domin gaskiya ne yaran da ke cuɗanya suna shafa wa juna mura da tari da gudawa, musamman a farkon shiga. Yaro marar lafiya a bar shi gida, kada a ɗura masa magani a tura shi ya shafa wa na wasu. Kukan makon farko ba abin tsoro ba ne, wanda ya wuce wata yana ƙaruwa shi ne abin bincike. Kuma rabin yini ya tsaya a rabin yini. Kada a ɗauko shi daga jardan a wuce da shi wani karatun, daga can a wuce wani, har magariba. Da rana ya ci, ya yi barci, ya yi wasa, ya je allo tare da yayyensa in ya isa, ya hau cinyar kakarsa. Jardan taimako ce. Duk uban da ya ɗauka ya biya kuɗi ya sauke nauyin tarbiyya, ya yaudari kansa.

Jaririn da ke kan nono kuwa maganarsa daban. Likitoci sun ce wata 6 na farko nono zalla, addini kuma ya nuna shekara biyu ga mai son cika shayarwa. Wannan wurin uwarsa ya fi, in da hali. Wadda aiki ya tilasta mata, a taimake ta da wuri kusa da inda za ta riƙa leƙawa ta shayar, a daina yi mata gori. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ban ce kowa ya kai ɗansa ba. Na ce a bar zagin wadda ta kai. Kuma duk wanda zai buɗe baki ya ce wance ta yar da ɗanta, ya fara amsa mana tambayar nan tukuna, da suna: gobe da ƙarfe 9 na safe, wa ke riƙe da naka? In amsar ita ce 'yarka da ya kamata tana aji, ko 'yar mutane da aka ɗauko daga ƙauye, ko lungu, ko waya, to don Allah ka yi shiru, ka je ka gyara gidanka.

Allah ya raya mana zuri'a, ya shirya su, ya tsare mana su daga wuta da ruwa da mugun hannu. Allah ya zaunar da Damagaram lafiya. Amin.